Awa 10 A Ɗakin Ƙarfe: Yadda Dokar Kashe Inji Da Biyan Kuɗin Mil Ke Gasa Sababbin Direbobin Tirela A Amurka

Dokar tarayyar Amurka ta wajabta wa duk direban tirela mai dogon zango ya huta awa 10 a jere kafin ya sake riƙe sitiyari. Ta ƙayyade masa awa 11 na tuƙi cikin awa 14 na aiki, ta hana shi wuce awa 70 cikin kwana 8. Tun daga Disambar 2017 kuma akwai na'ura a jikin motar da ke rubuta duk wannan da kanta, an daina cika littafi da biro yadda mutum ya ga dama.

Inda direban zai yi wannan hutu shi ne ɗan ɗakin da ke bayan kujerarsa, mai gado ɗaya ko biyu hawa-hawa, jikinsa ƙarfe da gilashi. Doka ta yi maganar girman gadon da kafar shigar iska, amma ba ta tilasta wa kamfani ya tanadi abin sanyaya ɗakin lokacin da mota ke tsaye ba. A 2023 birnin Phoenix na jihar Arizona ya yi kwana 31 a jere zafin rana na kaiwa digiri 43 ko fiye, har akwai daren da bai sauka ƙasa da 36 ba. Da hunturu kuwa, jihohin arewa irin su Minnesota da Dakota ta Arewa kan ga sanyin digiri 30 ƙasa da sifili.

Shekara da shekaru dabarar direbobi guda ce: a bar injin a kunne har gari ya waye, iyakwandishan ko hita na aiki. Yau kamfanoni da gwamnatocin jihohi sun taso wa wannan ɗabi'a, kuma suna da hujja mai ƙarfi. Sai dai wanda nauyin ya fi faɗa wa shi ne sabon shiga, wanda aka damƙa wa motar da ba ta da wani tanadi, ake kuma biyansa a kan tafiyar taya kawai. Kamfani yana lissafa kowace lita da ta ƙone mota na tsaye, amma awoyin da mutumin ciki ya ɓata a tsayen ba sa shiga lissafin kowa.

Lissafin kamfani

Motocin ɗaukar kaya su ke dakon kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin kayan da ake zirga-zirga da su a cikin Amurka, kuma bayan albashin direba babu abin da ke cin kuɗin kamfani kamar mai. Cibiyar binciken gwamnati ta Argonne da ke jihar Illinois ta ƙiyasta cewa babban inji yana shan kusan lita 3 na man dizal a kowace awa idan yana silo, wato yana aiki mota na tsaye. Motar dogon zango takan yi kimanin awa 1,800 a haka cikin shekara, wato galan 1,500, kusan lita 5,700, ba tare da ta matsa ko taku ɗaya ba. Idan aka haɗa na ƙasar baki ɗaya, cibiyar ta ce abin na iya kaiwa galan biliyan ɗaya a shekara, da hayaƙin kabon tan miliyan 11.

A ce galan yana dala 4. Dare ɗaya na awa 10 ya cinye dala 32. Mota ɗaya ta ƙona dala 6,000 a shekara, kamfani mai mota dubu kuma ya yi asarar dala miliyan 6. A Yunin 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, galan ɗin dizal ya haura dala 5.80, farashin da ba a taɓa gani ba kafin lokacin. Babu manajan da zai ga wannan lissafi ya kau da kai.

Asarar ba ta tsaya a tanki ba. Injin da ke silo ba ya ɗaukar zafin da ya kamata, don haka baƙin toka na taruwa a matatar hayaƙin da aka fara sa wa motoci tun 2007, man juye na saurin lalacewa, motar na yawan zuwa gareji. Ranar da za a sayar da ita kuma, mai saye yana duba awoyin da injin ya yi yana aiki, ba nisan da ta yi kaɗai ba. Ga kuma lafiya: a 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Mutum na farko da ke shaƙarsa shi ne direban da ke kwance a tashar da motoci ɗari ke ruri har asuba, sai kuma talakawan unguwannin da ke maƙwabtaka da tashoshin jiragen ruwa da manyan sito-sito.

Kowace jiha da nata

Amurka ba ta da doka guda ta ƙasa a kan barin inji a kunne. Kowace jiha da nata, wani lokaci ma kowane birni. Kalifoniya ta ƙayyade minti 5, kuma tun daga Janairun 2008 ta janye rangwamen da a da take yi wa direban da ke barci a mota, sai fa idan injin na cikin masu ƙarancin hayaƙi da ke ɗauke da takardar shaidar jihar a manne a jikinsu. Tarar tana farawa daga dala 300. Pennsylvania ta yi dokarta a 2008, minti 5 cikin kowace awa. New Jersey minti 3 ta yarda da shi. Jihar New York minti 5 ne, da sassauci idan sanyi ya wuce digiri 4 ƙasa da sifili.

Birnin New York ya fi kowa tsanani: minti 3 a ko'ina, minti 1 kusa da makaranta. Hukumar birnin ta kuma buɗe wa jama'a ƙofa, duk wanda ya ɗauki bidiyon motar kasuwanci tana silo fiye da ƙa'ida ya aika, za a ba shi kashi 25 cikin 100 na tarar da aka karɓa. Wasu mazauna birnin sun mayar da abin sana'a. A 2020 hukumar ta ɗauko mawaƙi Billy Idol ya jagoranci gangamin wayar da kai a kan batun.

Direban da ya ɗauko kaya daga Texas zuwa New Jersey zai ratsa jihohi da dama, kowace da irin minti da sharaɗinta, kuma sau da yawa takardar tara sunansa take ɗauka. Ƙwararre ya san inda ake sa ido da inda ba a damu ba. Sabo kuwa sai ya ji a jikinsa yake koyo.

Kwamfuta ce ke riƙe da makulli

Dokar da ta fi shafar direba a kullum ita ce ta kamfaninsa, domin tana cikin kwamfutar motar. Galibin manyan kamfanoni suna saita injin ya mutu da kansa bayan 'yan mintoci, sau da yawa biyar, da zarar an ja birkin ajiyewa. Wasu kan haɗa da ma'aunin zafi a wajen motar: idan sanyi ko zafi ya wuce iyakar da ofis ya sa, injin zai ci gaba da aiki, idan yana tsakani zai mutu. Matsalar ita ce ma'aunin iskar waje yake aunawa. Motar da ke tsaye a kan kwalta da rana tsaka cikinta na iya zama kamar tanda alhali ma'aunin na nuna digiri 22. Kuma direban da aka ba lodin dare, da rana zai yi barcinsa.

Bayan haka akwai maki. Duk mako ofis na ganin kaso nawa na awoyin injin aka ɓata a tsaye. Wanda ya yi tuƙin awa 10 ya kuma bar inji awa 10 yana barci, makinsa kashi 50 ke nan, nesa ba kusa ba da abin da kamfanoni ke lamunta. Hukuncin ya danganta da kamfani: wani kiran waya ne da jan kunne, wani takardar gargaɗi, wani kuma yanke garabasar tattalin mai. A nan ne maganar inji ke haɗuwa da maganar albashi. A ce garabasar santi 3 ce a kan kowane mil, direba kuma ya yi mil 9,000 a wata, dala 270 ke nan. Ga tsohon hannu mai kauri a albashi, wannan kuɗin shayi ne. Ga sabon da ake cire wa bashin makarantar koyon tuƙi kowane mako, kuɗin cefanen gida ne. Sai ya zaɓa, ko ya kwana cikin gumi ya tsira da kuɗinsa, ko ya sami barci ya rasa su.

Direbobi suna da nasu dabarun. Akwai masu taka feda duk lokacin da fitilar gargaɗi ta fara ƙiftawa don kada injin ya mutu, akwai masu sayen fanka mai aiki da batir da ragar taga, akwai masu neman inuwar wata tirelar. Buɗe taga da dare a inda ba a sani ba kuma yana da nasa haɗarin. A Maris 2009 aka kashe wani direba mai suna Jason Rivenburg a wani tsohon gidan mai da aka daina amfani da shi a Carolina ta Kudu, inda ya tsaya barci, a kan dala 7. Dokar samar da wuraren ajiye tirela ta 2012 sunansa take ɗauke da shi, amma har yanzu ƙungiyoyin sufuri na cewa gurbi ɗaya ne ga kowane direba 11.

Duk wanda ya tashi daga irin wannan barci rabi da rabi, abin da zai ja nauyinsa na iya kaiwa tan 36. Babban binciken da hukumar kula da lafiyar sufurin manyan motoci ta tarayya ta yi kan musabbabin haɗurran tirela ya gano cewa kashi 13 cikin 100 na direbobin da abin ya shafa a gajiye suke lokacin da haɗarin ya auku.

Daren da ya kai ga Majalisar Dattawa

Shari'ar da ta fi fito da darajar ɗumin ɗakin direba fili ita ce ta Alphonse Maddin. A wani dare cikin Janairun 2009, yana jan kaya wa kamfanin TransAm a jihar Illinois, mansa ya kusa ƙarewa, ya tsaya a gefen hanya. Da ya zo tashi sai ya tarar birkin bodin ya daskare saboda sanyi. Ya kira ofis, aka ce ya jira makaniki. Hitar ɗakin ba ta aiki. Barci ya ɗauke shi, da ya farka ya ji jikinsa ya sandare, ƙafafunsa ba ya jin su, maganarsa ma ba ta fita sosai. Ya sake kira, aka ce ko ya ja bodin haka nan da birki a maƙale, ko ya ci gaba da jira. Sai ya kwance kan motar ya tafi, ya bar bodin. Makaniki ya iso ba da jimawa ba, Maddin ya dawo, amma kamfanin ya kore shi da laifin barin kaya.

Ma'aikatar ƙwadago ta ce korar ta saɓa wa doka, a 2016 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka da alƙalai biyu cikin uku. Wanda ya saɓa shi ne Neil Gorsuch, da hujjar cewa dokar na kare wanda ya ƙi tuƙa mota ne, Maddin kuwa tuƙawa ya yi. A Maris 2017, lokacin da ake tantance Gorsuch don zama alƙalin Kotun Ƙoli, Sanata Al Franken ya tsare shi da tambayoyi a kan wannan hukunci, inda ya ce sanyin daren ya kai abin da ya yi daidai da digiri 26 ƙasa da sifili. Maddin ya yi nasara, amma sai da ya shafe shekara bakwai yana bin shari'a. Yawancin sababbin direbobi ba su da wannan juriyar, ajiye makulli suke yi su tafi.

Mil ake biya, ba lokaci ba

Direbobin Amurka kan ce in taya ta tsaya, kuɗi sun tsaya. Mafi yawan masu dogon zango a kan mil ake biyansu, kuma sabo a ƙasan jadawali yake farawa. Tushen abin tsoho ne. Dokar ƙwadago ta 1938, wadda ta kafa mafi ƙarancin albashi da ƙarin kuɗi ga wanda ya wuce awa 40 a mako, ta ware direbobin da ke tsallaka jihohi daga wannan ƙarin. A wancan zamani gwamnati ke tsara farashin dako, ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters kuma na da ƙarfi, don haka tuƙin tirela ya zama aikin da mai takardar sakandare ke gina gida da shi. A 1980 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta sakar wa harkar mara. Sababbin kamfanoni suka cika kasuwa, farashin dako ya faɗi, ƙungiyar ta yi rauni, albashi ya bi su ƙasa. Masanin tattalin arziki Michael Belzer na Jami'ar Wayne State, wanda shi ma tsohon direba ne, ya rubuta littafi a 2000 yana kwatanta motocin da masana'antun bautar da ma'aikata.

Alƙaluman ofishin ƙididdigar ƙwadago sun nuna cewa matsakaicin abin da direban babbar mota ya samu a 2023 ya ɗan haura dala 54,000 a shekara. A ido kuɗi ne masu kyau, sai an raba su da awoyi. Ɗauki sabon direba da ake biya santi 45 a mil, ya yi mil 2,200 a mako. Ya sami dala 990 kafin haraji. Idan awa 70 ya yi, kowace awa ta tashi dala 14. Idan aka ƙara awoyin jira da neman wurin kwana da ba su shiga na'ura ba har suka kai 90, ta koma dala 11, ga shi kuma mako uku ko huɗu bai ga iyalinsa ba, abincin hanya daga aljihunsa.

Ayyukan da sau da yawa ba a biya suna da yawa: duba mota kafin tashi, shan mai, hawa sikeli, share bodi, cunkoson hanya, jiran a turo sabon lodi. Har mil ɗin ma ba lallai ne wanda taya ta taka ba. Kamfanoni da dama suna amfani da jadawalin nisa mafi gajarta tsakanin gari da gari, wanda kan gaza ainihin tafiyar da direba ya yi.

Babban ɓarawon lokaci shi ne jira a bakin sito. Al'adar kasuwar ita ce awa biyu na farko kyauta ne, bayan nan ne ake fara maganar kuɗin jira, shi ma sai mai kaya ya yarda ya biya. A Janairun 2018 babban mai binciken ma'aikatar sufuri ya fitar da rahoto cewa irin wannan jira na rage wa direbobi tsakanin dala biliyan 1.1 zuwa 1.3 a shekara, kuma ƙarin minti 15 a matsakaicin lokacin jira na ƙara yiwuwar haɗari da kashi 6.2 cikin 100. Direban da aka ajiye awa shida a farfajiyar sito cikin zafin Yuli ba a biyansa, awoyinsa 14 na zagwanyewa, idan kuma ya kunna inji don ya sha iska makinsa ya lalace. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bashin makaranta

Kafin mutum ya ja tirela sai ya sami lasin na musamman da ake kira CDL, sai kuma ya kai shekara 21 idan zai tsallaka jihohi. Tun daga 7 ga Fabrairun 2022 dole ne ya bi ta makarantar da ke cikin rajistar gwamnati. Kuɗin makaranta kan kai dala dubu kaɗan, wanda bai da su kuma sai ya faɗa hannun manyan kamfanonin da ke tallar koyarwa ba tare da biyan ko sisi a farko ba. Sharaɗin yana cikin takardar da zai sa wa hannu: zai yi musu aiki na wani lokaci, sau da yawa wata 10 zuwa shekara, idan ya tafi ko aka kore shi kafin nan kuɗin su zama bashi a wuyansa. Mutumin da ke cikin wannan ƙangi ba shi da bakin yin gardama a kan iyakwandishan.

Takardun kotu sun nuna yadda tsarin ke tafiya. Dominic Oliveira ya shiga kamfanin Prime na jihar Missouri a matsayin ɗan koyo. Mil 10,000 na farko babu albashi, sai ɗan rancen mako-mako da za a cire daga baya. Mil 30,000 na gaba a kan santi 14 ake biya. Daga nan aka mai da shi mai zaman kansa da ke hayar mota, ana cire kuɗin haya da na mai daga abin da ya samu, har akwai makon da shi ne ke fitowa da bashi. Da ya kai ƙara, kamfanin ya nemi a tura maganar zauren sasanci na sirri. A Janairun 2019 Kotun Ƙoli ta ba Oliveira gaskiya ba tare da saɓani ba, wanda ya rubuta hukuncin kuwa shi ne Neil Gorsuch ɗin nan. A 2020 Prime ya amince ya biya dala miliyan 28. A shekarar ce kuma kamfanin PAM na jihar Arkansas ya biya miliyan 16.5 a wata ƙara kan awoyin da direbobi ke shafewa a mota ba biya. A Disambar 2023 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke, a shari'ar kamfanin CRST, cewa direbobin da ke tuƙi bibbiyu suna karɓa-karɓa, duk lokacin da ɗayansu ya wuce awa 8 a ɗakin barci mota na tafiya, lokacin aiki ne da ya cancanci biya.

Ƙarancin direbobi ko gudun direbobi?

A 2021 ƙungiyar kamfanonin sufuri ta Amurka ta ce ƙasar na da giɓin direbobi 80,000. Ƙungiyar dai ita ce ta daɗe tana wallafa cewa a manyan kamfanonin dogon zango yawan masu barin aiki a shekara kan kai kusan kashi 90 cikin 100. Ma'ana, kamfani mai kujera dubu sai ya ɗauki mutum 900 kowace shekara kafin ya tsaya yadda yake. Wani nazari da Stephen Burks da Kristen Monaco suka wallafa a mujallar ofishin ƙididdigar ƙwadago a Maris 2019 ya nuna cewa kasuwar direbobi na tafiya kamar sauran kasuwannin ƙwadago, idan albashi ya tashi mutane na zuwa. Steve Viscelli na Jami'ar Pennsylvania, wanda ya yi watanni yana tuƙin tirela kafin ya rubuta littafinsa na 2016, ya nuna cewa wasu kamfanonin sun gina ribarsu ne a kan wannan shiga da fita, domin sabo ya fi araha. Ƙungiyar direbobi masu motocin kansu da ke Missouri, OOIDA, ta daɗe a kan wannan matsayi.

Inda ake biya da kyau ba a jin kukan ƙaranci. A Afrilun 2022 kamfanin Walmart ya sanar da cewa direbobinsa na iya samun har dala 110,000 a shekararsu ta farko, kuma yana biyan ayyukan da ba tuƙi ba. A 2023 Teamsters ta cimma yarjejeniya da kamfanin UPS wadda ta haɗa da sa iyakwandishan a sababbin motocin raba kaya da za a saya daga Janairun 2024. Sai dai irin waɗannan guraben galibi masu gogewa ake nema, gogewar kuma a kamfanonin da ke ɗaukar sababbi ake samo ta.

Magani yana kasuwa

Na'urorin da za su raba wannan gardama sun daɗe da fitowa. Akwai ɗan janareta da ake ɗaurawa a gefen mota, direbobi na kiransa APU, mai ba da sanyi da ɗumi da wuta yana shan kusan lita ɗaya a awa. Farashinsa yana kai-komo a wajen dala 10,000, don haka a motar da ke ƙona dala 6,000 a tsaye yana mayar da kuɗinsa cikin 'yan shekaru. Majalisar dokoki ta ba da damar ɗaga wa motar da ke ɗauke da shi ƙafa a sikeli, kilo 180 a dokar 2005, aka ƙara zuwa 250 a 2012. Akwai ƙaramar hita mai shan dizal irin ta Webasto da Espar, mai araha sosai, wadda 'yan litoci kaɗan ke kai ta dare, amma ba ta maganin zafi. Akwai iyakwandishan mai aiki da batir, wanda a tsananin zafi kan gaza kafin awa 10 su cika. Akwai kuma tsarin da ke tayar da inji ya kashe shi da kansa gwargwadon zafin ɗaki, ko da yake direbobi na kukan girgizar tashinsa na katse musu barci. Kamfanin IdleAire ya gwada jawo sanyi da wuta ta bututu zuwa tagar mota a tashoshi, ya karye a 2008, ya rufe a farkon 2010, daga baya wasu suka farfaɗo da shi a 'yan wurare.

Kamfanoni da yawa sun sa waɗannan na'urori, suna ma tallar su don jawo ma'aikata. Waɗanda ba su sa ba lissafi suka yi: suna sayar da mota bayan shekara uku ko huɗu, kashe inji daga ofis kuma ba ya cin ko kwabo. Tarayyar Turai ta bi wata hanyar. Dokarta ta hana biyan direba gwargwadon nisa idan hakan zai jefa hanya cikin haɗari, ta kuma hana ya yi cikakken hutun mako na awa 45 a cikin mota, kamfani ne zai biya masauki. A Amurka an gabatar da ƙudurin bai wa direbobi kuɗin ƙarin lokaci a 2022, aka sake kawo shi a 2023, bai zama doka ba.

Rage hayaƙi abu ne da ya dace, kuma babu mai hankalin da zai kare ƙona galan biliyan ɗaya a tsaye. Amma wanda ribar tattalin man ke shiga aljihunsa shi ya kamata ya sayi abin da zai maye gurbin injin. Kuma ranar da aka fara biyan direba kuɗin awoyin jiransa, ranar ce masu sito za su daina ajiye shi.

Sana'ar nan na jan baƙi da yawa, daga Indiyawan Punjab zuwa Somaliyawa da Habashawa da 'yan Afirka ta Yamma, kuma tun Yunin 2025 jami'an hanya na iya dakatar da direban da bai iya Turancin da zai amsa tambaya ya karanta allon hanya ba. Duk mai niyyar shiga, ko mai ɗan'uwa a can da ke shirin sa hannu, ya tambaya kafin ya karɓi makulli: motar na da janareta ko hita? A wane zafi inji ke mutuwa? Wane irin mil ake biya? Daga awa nawa kuɗin jira ke farawa? Nawa ne bashin idan ya tafi kafin wa'adi? Ya nemi amsar a rubuce, kada ya dogara da daɗin bakin mai ɗaukar ma'aikata a waya.